Ƙarin Jini Ba Tare da Kasada Ba: Jagora Ga Ma'aikatan Lab a Asibitocin Zamfara

Daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kan ganiyarsa, ma'aikacin lab a Zamfara ba ya samun sararin zama. Yara ake kawowa daga ƙauyuka, tafin hannu fari fat, numfashi sama-sama. Ga mai haihuwa da jini ya ɓalle mata, ga ɗan sikila, ga wanda aka kwaso da raunin harbi bayan 'yan bindiga sun afka wa gari. Kowa jini yake jira. Kuma ba kowa ke iya kaiwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau ba, balle Asibitin Koyarwa na Sakkwato, don haka aikin kan faɗo ne a kan ƙananan lab na asibitocin Anka, Gummi, Shinkafi, Talata Mafara da Ƙaura Namoda.

Waɗannan nake rubuta wa, musamman sababbin shiga aiki. Ƙarancin kayan aiki gaskiya ne, amma ledar jinin da ke kashe majinyaci nan take galibi daga musayar suna take fitowa, ko daga matakin da aka tsallake saboda mutane sun cika taga. A Birtaniya, inda na'ura ba ta yanke musu ba, tun 1996 suke tattara rahoton matsalolin ƙarin jini, kuma shekara da shekaru abin da ya fi yawa a ciki kuskuren ɗan'adam ne.

Aikin safe, kafin a karɓi fom ko ɗaya

Fara da firij. Jini yana zama ne tsakanin digiri 2 zuwa 6. Duba ma'aunin zafi ka rubuta a takardar da ke manne a ƙofa, aƙalla safe da yamma, har Asabar da Lahadi da ranar Sallah. Idan aka ɗauke wuta da dare kuma janareta bai tashi ba, kada ka cike gurbin da lambar da ka ga dama. Rubuta abin da ka tarar, ka ware ledojin har shugaban sashe ya yanke hukunci. Firij na gida bai dace da jini ba: ba shi da fanka mai zagaya sanyi, ba shi da ƙararrawa, kuma ledar da ta jingina da bangon ƙanƙara takan daskare, jajayen ƙwayoyin su fashe. Inda sola ta samu, firij ɗin jini ya kamata a fara ja wa layi, kafin fankar ofis. Ruwan sanyi da zoɓon ma'aikata kuwa su nemi wani wurin.

Daga nan sai sinadaran fidda rukunin jini: anti-A shuɗi, anti-B rawaya, anti-D mara launi. Kowace safiya a gwada su da ƙwayoyin da aka san rukuninsu. Anti-A ya dunƙule ƙwayoyin A, ya ƙyale na B. Anti-B akasin haka. Anti-D ya kama O fozitif, ya bar O negetif. Minti goma ya ishe ka. Kwalbar da ta yi gurɓi ko ta wuce wa'adi a jefar, ko da ita kaɗai ta rage a sito. Kwalayen gwajin nan-take ma suna da iyaka: yawancinsu an rubuta a jikinsu kada zafi ya wuce digiri 30, alhali a watan Afrilu zafin Gusau kan haura 40 a inuwa. Kwalin da ya kwana biyu a kan tebur kusa da taga zai iya nuna maka layi ɗaya, wato negetif, a kan jinin da ke ɗauke da cuta.

Sauran tsarin inganci, wato rubutacciyar ƙa'idar kowane gwaji, jadawalin sa ido kan na'urar awon jini, da gwajin samfurin da ake aikowa daga waje don a auna ku, duk suna ƙarƙashin kulawar MLSCN, majalisar kula da aikin lab na asibiti da dokar 2003 ta kafa, kuma ma'auninsu ISO 15189 ne, ƙa'idar ingancin lab ta duniya, bugun 2022. Ƙaramin lab ba zai cika su a rana ɗaya ba. Rajista mai tsabta dai ba ta buƙatar kasafin kuɗi.

Mai bayar da jini

Shekara 18 zuwa 65, nauyi kilo 50 ko fiye, himogulobin, wato awon ƙarfin jini, kada ya gaza 12.5 ga mace, 13 ga namiji. Namiji ya huta wata uku tsakanin bayarwa da bayarwa, mace wata huɗu. Mai ciki da mai shayarwa ba sa bayarwa.

Tambayoyin su ne inda ake sakaci. A keɓe za ka yi su, murya ƙasa, ba a gaban surukinsa ba. Ya taɓa yin ciwon shawara? An taɓa ƙara masa jini? A cikin shekarar nan an yi masa ƙaho, ko tsaga, ko sakiya a wurin wanzami? Wanda aka yi wa ɗayan waɗannan sai ya jira wata 12. Yana zazzaɓi yanzu? Ya ci abinci? A watan azumi ya fi kyau a tsara masu bayarwa bayan buɗa-baki.

Sai kuma wanda za a turo maka a ce, "Malam, ƙanena na, uwa ɗaya uba ɗaya," alhali ka ga fuskar nan makonni uku da suka wuce a matsayin ƙanen wani. Duba gwiwar hannunsa ta ciki, tabon allura ba ya ɓuya. Sayar da jini laifi ne a Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, amma abin da ya fi damuna shi ne mai sayarwa ba zai taɓa gaya maka gaskiyar lafiyarsa ba, don gaskiyar za ta hana shi kuɗin cefane. Hukumar Kula da Jini ta Ƙasa, wadda aka sa wa dokarta hannu a 2021, tana tura mu ne ga masu bayarwa don Allah, a kai a kai. Littafi guda mai ɗauke da lambobin wayar irin waɗannan, daga ɗaliban makarantun kiwon lafiya da 'yan agaji da 'yan kasuwa, musamman masu negetif waɗanda ba su fi biyar ko shida cikin ɗari ba a ƙasar nan, yana fidda lab kunya da tsakar dare.

Wani abu da mutanenmu ke ɗauka alheri ne: miji ya ba matarsa jini. In akwai wata mafita, a guje shi muddin tana cikin shekarun haihuwa. Jikinta zai iya ƙera antibodi, wato sinadarin kariya da jiki ke ƙerawa don yaƙar baƙon abu, a kan wata alama da ke jikin ƙwayoyin mijin, kuma ita wannan alama ce ɗan da za ta ɗauka nan gaba zai iya gada daga ubansa, sai jinin uwa ya riƙa farfasa na jariri tun yana ciki. Ka ce masa, "Alhaji, za mu karɓi naka mu ajiye wa wani, ita kuma mu ba ta na wani." Yawanci suna fahimta idan aka yi musu bayani cikin mutunci.

Wajen ɗiba, goge fata da kyau ka bar ta ta bushe, kada ka sake taɓa wurin da yatsa. Leda ta ɗauki mililita 450, domin mililita 63 na sinadarin hana daskarewa da ke cikinta daidai wannan aka auna. Ɗora ta a kan sikeli, ka riƙa jujjuya ta a hankali. Lamba ɗaya a leda, a kwalaben samfur, da rajista, kuma a manna su kafin mutumin ya sauko daga gado. Leda mai sinadarin hana daskarewa na CPDA-1 kwana 35 take yi.

Tantance cututtuka huɗu

Ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B, nau'in C, da tunjere. Babu ledar da za ta fita ba a yi mata huɗun nan ba, ko jinin uban majinyaci ne, ko na limamin unguwa. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 a Nijeriya na ɗauke da ciwon hanta B, kuma mafi yawansu lafiya lau suke yawo.

Bi takardar da ke cikin kwalin: digo nawa, ruwan haɗi na wane kwali, minti nawa. Sa agogo. Karanta sakamako a minti biyar don ana jira, alhali an ce 15, daidai yake da rashin yin gwajin. Layin tabbaci bai fito ba, gwaji ya lalace. Layi ya fito dishi-dishi, fozitif ne.

A nan sababbi kan rikice. Tsarin da ake bi wajen gaya wa mutum matsayinsa na ƙanjamau, inda ake bin gwajin farko da wasu gwaje-gwajen don tabbatarwa, na gano cuta ne a jikin mutum. Ga ledar jini, gwajin farko kaɗai ya nuna alama, ledar ta tafi ke nan. Ba a neman gwaji na biyu ya wanke ta. Ka fitar da ita daga firij ɗin da ake bayarwa nan take.

Ka kuma sani gwajin nan-take yana da makanta. Wanda ya kamu da ƙanjamau kwanan nan zai iya nuna negetif har zuwa wata uku a gwajin da antibodi kaɗai yake nema. Gwajin na'ura da ake kira ELISA mai neman antibodi da ɓangaren ƙwayar cutar tare yana rage wannan tazara zuwa 'yan makonni. Shi ya sa tambayoyin da na ambata a baya ba ɓata lokaci ba ne, kuma shi ya sa duk asibitin da ke da hanyar aika samfur inda ake ELISA ya kamata ya yi. Wanda jininsa ya nuna alama, kira shi ciki shi kaɗai ka tura shi inda za a tabbatar. Kalmar "jininsa ba shi da kyau" a bakin taga ta isa ta kashe aure.

Samfurin majinyaci

Shiga ɗakin masu haihuwa ka kira A'isha, mata uku za su ɗago kai. Wata ma sunan da ke katinta ba shi ake kiranta da shi a gida ba, kuma saboda alkunya uwa ba za ta faɗi sunan ɗanta na fari ba sai an lallaɓa. Don haka suna kaɗai bai isa ba, lambar gado kuwa ba shaida ba ce, tunda ana sauya gado kafin gari ya waye.

Wanda ya ɗebi jinin shi zai rubuta a jikin kwalbar, a gefen gadon, kafin ya ɗaga ƙafa: cikakken suna, lambar kati, ɗaki, kwanan wata da lokaci, da sa hannunsa. Kada a rubuta kwalba tun kafin a ɗiba. Kada a tambayi majinyaci "Ke ce wance?", domin mai jin jiki "i" kawai za ta ce, a ce mata ta faɗi sunanta, ko mai jinya ya faɗa, a gwada da kati.

Idan kwalba ta iso lab babu rubutu, ko rubutun ya saɓa da fom, a mayar a ɗebo sabo. Sista za ta ce, "Haba Malam, ni na ɗiba da hannuna, kawo in rubuta." Ba ta haƙuri, amma kada ka miƙa mata biro. Fom ya nuna ko an taɓa ƙara wa majinyaci jini da kuma yawan cikin da ta yi. Wanda aka ƙara wa jini ko ta yi ciki a wata uku da suka wuce, samfurinsa awa 72 kawai yake aiki, don sabuwar antibodi na iya tasowa a tsakani.

Fidda rukuni

Yawancinmu a kan tayil muka koya, kuma yana da amfaninsa wajen gaggawa. Sai dai a hunturu iskar nan busasshiya kan ƙafar da digon tun kafin minti biyu su cika, gefensa ya yi tsaki-tsaki kamar madarar da ta tsinke, mai gaggawa ya rubuta AB a kan mutumin da O ne. Sanyin asuba ma kan sa jinin wasu ya dunƙule da kansa. Saboda haka jinin da za a ƙara wa mutum a yi shi a cikin kwalbar gwaji.

Wanke ƙwayoyin sau uku da ruwan salin, wato ruwan gishirin asibiti, ka haɗa su kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. Digo ɗaya na sinadari, digo ɗaya na ƙwayoyi, a juya a injin juya samfur daƙiƙa 15 zuwa 20, a girgiza a hankali a duba a gaban haske. Wannan rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne a juya gwajin: digo biyu na ruwan jinin majinyaci a kan sanannun ƙwayoyin A, wasu biyu a kan na B. Mai rukunin A ruwan jininsa zai dunƙule B, mai O zai dunƙule duka biyun, mai AB ba zai taɓa ko ɗaya ba. Dole gaba da baya su yi daidai. In sun saɓa, ba a rubuta rukuni sai an gano dalili. Jariri ɗan ƙasa da wata huɗu ne kaɗai ba a yi wa na baya, don bai fara ƙera nasa antibodi ba. Shi da ruwan jinin uwarsa ake gwada masa dacewa.

Katin rukunin jini da mutum ya zaro daga aljihu, ko "ai ni O ne, an taɓa gaya mini", ba hujja ba ce. Ledar ma a sake fidda rukuninta daga guntun robarta.

Gwajin dacewa

Digo biyu na ruwan jinin majinyaci, digo ɗaya na wankakkun ƙwayoyin leda. Juyawar farko nan take tana kama saɓanin ABO, wanda shi ne mai kisa cikin mintuna. Da yawa a nan suke tsayawa su buga hatimi. Amma antibodi na wasu rukunan jini irin Rh da Kell, waɗanda ke jikin macen da ta haihu sau da dama ko ɗan sikilar da aka sha ƙara wa jini, ba sa fitowa a wannan mataki. Sai an sa kwalbar a ruwan ɗumi mai digiri 37 na minti 30 zuwa 60, an wanke sau uku an tsiyaye ruwan tas, sannan an ɗiga sinadarin Kums, mai tona antibodin da ta manne wa ƙwayoyi, digo biyu an juya. Wankin nan shi ne ran gwajin: ɗan ruwan jinin da ya rage zai cinye sinadarin, ka ga negetif na ƙarya. In kuna da ƙwayoyin tabbatar da Kums, ɗiga su a duk kwalbar da ta fito negetif. Dole su dunƙule. Ka haɗa da kwalba guda ta ruwan jinin majinyaci da ƙwayoyinsa shi kansa. Kuma ruwan sama ya yi ja ko da babu gudaji, rashin dacewa ne.

Duka-duka kamar awa guda ne. Gaya wa likita haka tun farko, kada ka ce "yanzu-yanzu".

Idan rai ba zai kai awa ba, akwai hanya, likita ya sa hannu a kanta. Yarinya da macen da ke shekarun haihuwa a ba su O negetif, namiji da tsohuwa za a iya ba su O fozitif. Amma a tuna ruwan jinin mai O yana ɗauke da anti-A da anti-B, kuma a wasu mutanenmu suna da ƙarfin da za su farfasa ƙwayoyin majinyaci mai A ko B. Don haka a matse ruwan a ba da ƙwayoyin zalla. Ledar da aka buɗe don matsewa kuma awa 24 ta rage mata. Cikin minti 10 zuwa 15 ka riga ka fidda rukuninsa, sai a koma nasa, cikakken gwajin kuma ya ci gaba a bayan fage.

Daga firij zuwa gado

Ɗaga ledar ka dube ta. Ta huje? Ta yi baƙi-baƙi ko shunayya? Akwai gudaji, ko kumfa, ko ruwan sama ya yi ja? In haka ne ba ta fita. Ma'aikaci ne zai zo ɗauka da takarda mai sunan majinyaci da lambarsa, ku karanta tare, ya sa hannu. Leda ɗaya a lokaci ɗaya. In hanya ce mai nisa, a sa ta a cikin kular sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 10, da kwali tsakanin leda da ƙanƙara.

A fara ƙarin cikin minti 30 da fitowarta, a gama cikin awa huɗu. Al'adar tsoma leda a ruwan zafi ko shanya ta a rana "don ta huce" a daina. Ƙarin da ake yi a hankali ba ya buƙatar ɗumama. A gefen gado mutum biyu su gwada suna, lambar kati, lambar leda, rukuni da wa'adi. Robar ƙarin jini mai matata za a sa, ba ta ƙarin ruwa ba. Salin kaɗai ke bin layi ɗaya da jini: ruwan sukari yana lalata ƙwayoyi, ruwan ƙari na Ringa kuma kalsiyam ɗinsa na daskarar da jini. Ba a zuba magani a leda.

Yara a auna musu da nauyi: mililita 20 a kowane kilo in cikakken jini ne, 10 in ƙwayoyi ne zalla. Mai tsananin tamowa rabin haka ake ba shi na cikakken jini, a hankali ƙwarai, don zuciyarsa ba ta jure lodi. A auna zafi, bugun jini da numfashi kafin a fara, a sake bayan minti 15, kuma waɗannan mintuna nas ta yi su a tsaye a wurin.

In jiki ya ƙi jini

Rawar sanyi, zazzaɓi, ciwon ƙugu ko ƙirji, sarƙewar numfashi, faɗuwar awon jini (BP), fitsari ja ko baƙi. Wanda ke sume a tiyata ba zai yi magana ba, sai dai a ga rauni na ta tsatsar jini. Matakin farko a rufe ledar. A bar allurar a jijiya, a sa salin da sabuwar roba, a kira likita, a sake gwada sunan da ke leda da na majinyaci. In an ga musaya, a ruga a nemo ɗaya ledar, domin mai yiwuwa tana rataye a kan wani.

Lab zai karɓi ledar da robarta, sabon samfur daga ɗaya hannun, da fitsarin farko. Fara da takardu. Juya samfurin ka gwada launin ruwansa da na kafin ƙari, ka yi gwajin Kums kai-tsaye a kan ƙwayoyin majinyaci, ka maimaita rukuni da dacewa a kan tsohon samfur da sabo. Wannan ne dalilin ajiye samfurin majinyaci da guntun robar leda a firij kwana bakwai bayan kowane ƙari. In ana zargin ƙwayoyin cuta, ledar ta je a shuka jinin a ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro. Duk abin da aka gano a rubuta shi yadda yake. Inda ake farautar mai laifi, rahoto ɓuya yake yi, kuskuren kuma ya dawo wata mai zuwa.

Akwai kuma wanda ke zuwa a makare, kwana biyar zuwa mako biyu bayan an sallami mutum: ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, jini ya koma ƙasa da inda aka faro. A jikin 'yan sikila an fi ganinsa, kuma sau da yawa akan ɗauka ciwonsu ne ya tashi a sake ɗura musu wani jinin, abin ya ƙara muni. Kafin sallama a gaya wa uwar yaron alamun nan da bakin da za ta gane. Wanda aka taɓa samun rashin dacewa a jininsa a rubuta masa a kati ya riƙe, da kwanan wata da abin da aka gani, ya nuna a duk asibitin da ya je, domin antibodi kan lafa har gwaji ya kasa ganinta, sannan ta farka da zarar an sake ba shi irin wancan jinin.